Cikin Manaja

Duk wanda ya taɓa kai wa Mai Guga kaya ya san abu biyu game da shi: ya iya aikinsa, kuma ba shi da daɗin zama. Shekara arba'in yana tsaye a bayan teburi ɗaya, a shago ɗaya mai ƙofar ƙarfe, da ɗakin kwanansa a baya. Karin da yake fitarwa a wando sai an yi masa wanki biyu kafin ya ɓace. Amma idan ka kawo masa riga da dauɗa a wuya, sai ya ɗaga ta da yatsu biyu a gaban jama'a ya tambaye ka ko sabulu bai iso gidanku ba tukuna. Mutane su tafi suna zaginsa a hanya, mako na zagayowa su sake kawo kayan.

Yana saurayi ya koyi sana'ar a ɗakin wanki na wani otal, a hannun wani shugaba da yake shafa farin ƙyalle a kan teburi kafin a fara aiki, in ya ga datti ya sallami mutum a ranar. Otal ɗin ya daɗe da rufewa, shugaban ya daɗe da mutuwa, amma halin ya zauna daram a jikin Mai Guga. Sau huɗu yake share shagonsa a wuni. Zare ɗaya ya gani a ƙasa, sai ya ajiye dutsen guga ya sunkuya ya tsince shi. Shi a wurinsa duniya kashi biyu ce, abin da aka goge da abin da ya yamutse, kuma yawancin mutane a kashi na biyu ya jera su.

Shekara talatin da ɗaya matarsa ta yi da shi, Allah ya ba ta lada. Ita take ninke kaya, ita kuma take bin masu kaya har bakin titi tana ba su haƙuri a madadinsa. Allah bai ba su haihuwa ba. Shi bai taɓa ɗaga maganar ba, ita kuma sai ta koma kiwo. Ta kawo kyanwa, ya kore ta saboda gashi. Ta kawo kaji, ya kore su saboda kashi. Daga ƙarshe, lokacin ciwo ya riga ya fara cin jikinta, ta shigo da wani ɗan farin zomo a cikin kwali, ta kalle shi ido cikin ido ta ce wannan kam sai dai ya haɗa da ita ya kora. Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya bari. Bai taɓa ɗaukar zomon ba, bai taɓa ba shi abinci ba, ko kallon kirki bai taɓa yi masa ba.

Da ta rasu, masu zuwa gaisuwa suka watse, yana zaune a bakin gado sai zomon ya fito daga ƙarƙashi ya zauna a kan ƙafarsa. Ya ɗaga ƙafar zai ture shi, sai ya kasa. Tun daga ranar ya zama abokin zamansa. Ya laƙaba masa Manaja, don a cewarsa ba ya aikin komai sai kallon masu aiki, kuma shi ne farkon cin abinci. Da safe ya wanke masa kabeji da karas ganye-ganye. Da rana Manaja ya miƙe a ƙarƙashin teburin guga, Mai Guga yana yi masa tsegumin masu kaya. A duk abin da matar nan ta bari, shi kaɗai ne yake numfashi, kuma Mai Guga ya san in ya rasa shi ba wanda zai sake ce wa sannu a ɗakin nan. Yana son zomon, son da ba ya iya faɗa ko da an sa masa wuƙa a wuya.

A jikin shagon akwai shagon Kafinta, ƙanin marigayiya uwa ɗaya uba ɗaya. Katangar kwano ce kawai ta raba bayan gidajensu. Ita ta nemo masa wurin, tana ganin ɗan'uwa kusa alheri ne, ba ta lissafa garin katako ba. Iska kaɗan za ta kaɗa, sai garin ya tsallako ya sauka a kan fararen kayan da Mai Guga ya shanya. An yi magana, an yi cacar baki, wata rana har an kai ga jefa guduma. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba sa ga maciji da juna. Kafinta ya haura hamsin, furfura ta cika masa gemu, amma Mai Guga ba ya kiransa da komai sai “yaron can”. Shi kuma Kafinta, da can yana ce masa Yaya, yanzu ya mayar da shi “tsohon nan”. A bayan shagonsa yana kiwon zomaye a akurki huɗu, kuma daga cikinsu ya ba yayarsa nata.

Wata safiya Mai Guga ya buɗe ƙofar baya zai yi shanya, Manaja ya bi ta wani rami a gindin kwanon ya ɓace. Mai Guga ya ɗaga katifa, ya leƙa kwata, ya zazzage buhun gawayi. Sai wajen azahar Kafinta ya leƙo ta saman katangar, riƙe da zomon a hannu ɗaya.

“Ga kayanka. A wajen namijina na tsinto.”

“Sauke shi a hankali, ba katako ba ne.”

“Ka toshe raminka, tsoho. Ni ba mai gadin gidanka ba ne.”

“Gara ka fara toshe injinka. Dubi yadda ka mayar mini da shi, duk ƙura.”

Kafinta ya yi wani murmushi da Mai Guga bai gane kansa ba, ya sauka daga kan bencin da ya taka. Mai Guga ya goge Manaja da jiƙaƙƙen tsumma tun daga kunne har wutsiya, ya toshe ramin da bulo biyu, ya ɗauka magana ta ƙare.

Bayan mako uku Manaja ya sauya. Ci ya ƙaru, jiki ya yi nauyi, kuma hali ya ɓaci. Mai Guga ya kai hannu zai shafa shi, ya yi masa gurnani. Washegari ya gantsara masa cizo a babban yatsa, yatsan da yake danna dutse da shi. Mai Guga ya ce lallai ƙurar yaron can ce ta shiga masa ƙwaƙwalwa. Sai kuma ya fara tsinto abubuwa. Guntun ƙyalle, zare, busasshen ganye, takardar naɗe kaya, duk ya cika baki da su ya kai bayan akwatin marigayiya ya tara. A idon Mai Guga wannan juji ne, don haka ya jawo tsintsiya ya share. Kafin la'asar an sake tarawa. Ya sake sharewa.

Rana ta uku ya shiga ɗaki ya tarar da abin da ya tayar masa da hankali. Manaja yana zaune a lungun yana fizgar gashin ƙirjinsa da haƙori, har fata ta bayyana ja. Gashin ya yi tsibi kamar an farke matashin kai. Mai Guga ya tabbata ƙazuwa ce. Ya kwashe gashin tas ya zuba a kwandon shara, ya wanke lungun da ruwan zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya fita baya zai zubar. Iska ta ɗebi gashin ta tsallaka da shi katanga, karo na farko a tarihi da datti ya bi wannan hanyar.

Ƙarar zarto ta tsaya. Kan Kafinta ya bayyana a saman kwano, da farin gashi a tafin hannunsa.

“Wannan daga ina?”

“Daga cutar da zomayenka suka shafa wa nawa.”

“Ka share mata gurbi?”

“Wace ce kuma mata?”

“Manajan naka. Mace ce, tsoho. Ciki gare ta, yau ko gobe za ta haihu.”

Mai Guga ya tsaya riƙe da kwandon. Shekara biyu yana kwana ɗaki ɗaya da dabba bai san wannan ba, kuma a bakin wannan yaron zai ji. Kunya ta kama shi, shi kuwa kunya ba ta zama a cikinsa sai ta rikiɗe ta zama faɗa.

“Ka sani tun ranar da ka miƙo ta, ka yi shiru.”

“Na sani tun tana tafin hannu. Ka taɓa tambayata?”

“Mugu. Da gangan ka haɗa su.”

“Da ƙafarta ta zo. Ko dabba ta gaji da zaman ɗakinka.”

Kafinta ya sauka, aka ji bugun guduma na ɗan lokaci. Can sai ga ƙaramin akwati mai buɗaɗɗen sama ya tsallako, cike da sassaƙen katako mai laushi. Daga bayan kwano ya ce a sa shi a lungun da ta zaɓa, a mayar mata da gashinta, kuma a cire hannu. Da a ce ciyawa ya zuba a ciki, wataƙila da an zauna lafiya. Amma sassaƙen katako, abin da aka yi shekara goma sha ɗaya ana yaƙi a kansa, shi za a shigar ɗakin Mai Guga? Ya ɗaga akwatin ya wurga shi inda ya fito.

“Ni ma na san yadda ake yi wa mai ciki shimfiɗa,” in ji mutumin da ba a taɓa haihuwa a gidansa ba.

Ya ɗauko tsohon zanen gado fari, ya wanke, ya sa masa sitati, ya goge shi har yana sheƙi. Ya ninke shi gida huɗu, kusurwa ta hau kusurwa, ya shimfiɗa a tsakiyar ɗaki inda haske yake, don ya riƙa gani. Lungun bayan akwatin kuwa ya toshe shi da kwali. Gaskiya shimfiɗar ta yi kyau, ko babban baƙo aka yi wa ita ba zai raina ba. Manaja ta sansana ta, ta tsallake, ta koma tana kartar kwalin da farce. Ta yi ta zagaya ɗakin da ɗan guntun zare a baki, ba ta da inda za ta ajiye. Shi kuma yana bin ta yana cewa ga wuri nan an gyara mata, wane irin taurin kai ne wannan.

Washegari da sassafe ya farka ya sauko da ƙafa, ya kusa taka wani abu mai sanyi. 'Ya'ya shida ne, jajaye, ba gashi, ido a rufe, kowanne bai fi yatsa ba. A warwatse suke a kan siminti, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a gindin gado, ɗaya a jikin kwalin nan. Zanen gadon yana nan yadda ya shimfiɗa shi, ko lanƙwasa bai yi ba. Manaja tana can ƙarƙashin teburi tana haki. Ya tsugunna yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Huɗu sun sandare. Biyu suna motsi kaɗan.

A nan dai sana'arsa ta yi masa rana. Ya hura gawayi, ya ɗumama dutse, ya goge tawul ya gwada zafinsa a kumatu kamar yadda yake yi wa siliki, ya naɗe su a ciki. Tawul na hucewa ya canza wani. Ranar bai buɗe shago ba, masu kaya suka yi ta bugun ƙofa ya yi biris da su. Kafin hantsi biyun nan suka yi ɗumi suka fara wutsil-wutsil. Huɗun kuwa ya binne su a gindin katanga, yana yi yana waige kada yaron can ya leƙo.

Da ya tsaya a nan, da an yaba masa. Amma ya sa ido ya ga Manaja ba ta zuwa wajen 'ya'yanta. Awa ɗaya, awa uku, har la'asar, tana gefe ta juya musu baya. Duk mai kiwon zomo ya san haka suke, uwar takan leƙa sau ɗaya ko biyu a wuni, ta shayar na ɗan lokaci in ba kowa, ta bar wurin. Mai Guga bai sani ba, kuma mai sanin yana bayan kwano, taku goma daga inda yake tsugune. Maimakon ya yi takun nan, sai ya tsaya a kanta yana yi mata faɗa.

“Wace irin uwa ce ke? Wasu sun nema shekara talatin ba su samu ba, ke an ba ki kin juya baya.”

Ya cafko ta, ya danne ta a kan tawul ɗin da hannu biyu, ya ce sai ta shayar. Manaja ta yi wata ƙara da bai taɓa ji ba, ta harba ƙafafun baya da iya ƙarfinta. Farcenta ya tsarge masa hannu daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Da ta kuɓuce ta shige bayan buhun gawayi, sai ya duba tawul. Farcen ya sami ɗaya daga cikin 'ya'yan. Kafin ya gama goge jinin hannunsa ɗan ya daina motsi.

Saura ɗaya. Manaja kuma ta ƙi fitowa. Ya ajiye mata kabeji, ta ƙi. Ya yanka karas sirara ya tura mata da tsinke, ko sansanawa ba ta yi ba. In ya matso sai ta manne da bango jikinta yana rawa, ita da take kwana a kan ƙafarsa. Haka aka wuni, haka aka wayi gari. Ganyen jiya ya yanƙwane a inda ya ajiye shi, cikin ɗan da ya rage ya shafe, fatarsa ta tattare. Tsoro ya kama Mai Guga sosai, irin wanda rabonsa da shi tun kwanakin jinyar matarsa.

Da hantsi ya naɗe ɗan a hankici, ya fita ta ƙofar titi, ya shiga shagon da ya rantse ba zai taɓa takawa ba. Garin katako ya hau masa takalmi har idon sawu. Kafinta yana goge ƙafar kujera, ya gan shi sarai, ya ci gaba da abin da yake yi sai da ya ga dama ya ɗago.

“Nawa ta haifa?”

“Shida.”

“Ina biyar?”

Kafinta ya kalli karcen da ke hannun Mai Guga, ya kalli hankicin.

“Danne ta ka yi.”

“Ta ƙi shayar da su.”

“Ba ta ƙi ba. Kai ne ka tsaya mata a ka kamar mai gadin fursuna. Uwar tana cin abinci?”

“Tun jiya da safe ba ta taɓa komai ba.”

Kafinta ya ajiye kujerar da ƙarfi. Ya karɓi hankicin ba tare da ya nemi izini ba, ya wuce baya, Mai Guga yana biye da shi. A akurki na biyu akwai wata baƙar zomanya da ta haihu kwana uku da suka wuce. Ya tura hannu cikin gurbinta, tarkacen ciyawa da gashi da sassaƙe, ya ɗebo gashin ya murza a jikin ɗan, ya cusa shi a tsakiyar 'yan'uwansa ya rufe.

“Wannan in yana da kwana zai tashi. Je ka kawo uwar.”

“Ka dai faɗa mini abin da zan ba ta.”

“Ba abin da za ka ba ta. Zomon da ya kwana biyu bai ci ba ya kama hanya. Kuma muddin tana jin warin hannunka ba za ta ci ba. Ka kawo ta, ko ka haƙa rami na shida.”

“In ta warke zan ɗauke ta.”

“Ba za ka ɗauka ba. Na yi kuskure sau ɗaya, ba zan ƙara ba.”

“Kai wane ne da za ka hana ni abin da matata ta bar mini?”

Kafinta ya juyo gaba ɗaya ya fuskance shi. Idonsa irin na yayarsa ne, abin da Mai Guga ya daɗe yana ƙin lura da shi.

“Ba ta bar maka ba. Kwana biyu kafin Yaya ta rasu ta aika aka kira ni, kana shago kana yi wa wani faɗa a kan maɓalli. Ta ce in ta tafi in zo in ɗauke zomanyar, don kai ba ka iya zama da abu mai rai ba. Da na zo ɗauka na hango ka ta taga kana wanke mata ganye, sai na ji tausayinka na koma. Na saɓa wa Yaya saboda kai, ga abin da ya jawo.”

Mai Guga ya juya ya koma ɗakinsa. Ya janye buhun gawayi a hankali, ya lulluɓa mata tawul don kada ta ga hannunsa, ya ɗauke ta. Ta yi sakayau, zuciyarta tana bugawa a tafinsa. Ya bi ta titi da ita a ƙirji, masu jiran kaya a ƙofar shagonsa suna kallonsa.

Kafinta ya sa ta a akurkin ƙarshe, ya zuba mata busasshiyar ciyawa, ya rufa buhu a gaba, ya ce masa ya ja da baya. Suka tsaya nesa, ba mai kallon wani. An daɗe. Can sai aka ji ɗan ƙaramin sauti daga bayan buhun, ƙus-ƙus, tana tauna.

Mai Guga ya sauke numfashi. Ya kama hanyar fita, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya bai juyo ba.

“Ranar da ta kira ka,” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, “bayan maganar zomon, me kuma ta ce a kaina?”

Kafinta ya ɗauki ƙafar kujerarsa ya hure mata ƙura.

“Ba ta ce komai ba.”